Dodon Tokyo: Yadda Ƙagaggun Labaran Kimiyya Ke Tona Tsoron Al'umma

Gabatarwa

Babu al'ummar da ba ta da dodonta. A tatsuniyar Hausa, Dodo yakan zauna a dokar daji ko a bakin rafi, wato daidai wuraren da iyaye ba sa son yaro ya je shi kaɗai. Duk wanda ya lura da inda aka ajiye Dodo, ya gane abin da mutanen da suka ƙaga shi suke tsoro. Da zamani ya sauya, aka sami injuna da lantarki da makamai masu ƙare dangi, sai dodanni su ma suka sauya mazauni, suka koma ɗakin gwaje-gwaje da sararin samaniya da ƙarƙashin teku. Labaran da ke ɗauke da irin waɗannan dodanni su ake kira ƙagaggun labaran kimiyya: marubuci yakan ɗauki wani ilimi ko wata fasaha ta zamaninsa, ya faɗaɗa ta a zuci, sannan ya nuna abin da zai iya biyo baya.

Da yawa suna ɗaukar waɗannan labarai tamkar duba ne na abin da zai faru gobe. Amma idan aka jera su kusa da tarihin shekarun da aka rubuta su, sai a ga sun fi ba da labarin ranar da aka ƙaga su. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, ƙagaggen labari fuskar al'umma ne.

Misalai daga tarihi

A 1818 wata matashiya 'yar Ingila, Mary Shelley, ta wallafa littafin Frankenstein, labarin ɗalibin kimiyya da ya harhaɗa sassan gawa ya sa musu rai, daga bisani halittar ta zame masa bala'i. Ba daga sama tunanin ya faɗo ba. A 1791 Luigi Galvani na Italiya ya bayyana yadda lantarki ke sa ƙafar mataccen kwaɗo ta motsa, kuma a 1803 an yi irin wannan gwaji a kan gawar mutum a birnin London. Tambayar da ke damun masu ilimi a lokacin ita ce, ina iyakar abin da ya halatta ɗan Adam ya taɓa?

A 1898 H. G. Wells ya fitar da littafinsa na yaƙin duniyoyi, inda wasu halittu daga duniyar Mas suka sauka Ingila da makaman da babu mai iya tare su. A wannan zamani Ingila ce ke sauka ƙasashen wasu da bindigar da babu mai iya tare ta. Shekara biyar bayan fitar littafin aka ci Kano da Sakkwato. Wells ya juya madubin ne kawai, ya sa mutanen ƙasarsa su ɗanɗana abin da ake ji idan baƙo mai fifikon makami ya iso. Haka kuma a 1920, lokacin da masana'antun Turai ke fama da yajin aiki da tawayen ma'aikata, Karel Capek na Cekoslobakiya ya rubuta wasan kwaikwayo kan ma'aikatan da aka ƙera a masana'anta, waɗanda suka tayar wa iyayengijinsu. Daga wannan wasa ne duniya ta sami kalmar robot, wadda asalinta a harshensu aikin tilas take nufi.

Sai dai babu misalin da ya fi fito da wannan al'amari fili kamar dodon Japan da ake kira Gojira, wanda duniya ta sani da Godzilla. Dalili kuwa shi ne an shekara saba'in ana maimaita labarinsa, kuma duk lokacin da tsoron Japanawa ya sauya, sai dodon ya sauya kama.

Tokar ajali

A ranar 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, ranar 9 ga wata kuma ta jefa wani a Nagasaki. Kafin ƙarshen shekarar, kimanin mutum 140,000 sun mutu a Hiroshima, kimanin 70,000 a Nagasaki. Daga nan sojojin Amurka suka mamaye Japan har zuwa Afrilun 1952, kuma a farkon shekarun mamayar an taƙaita abin da jaridu da masu finafinai za su iya faɗa game da bam ɗin. Mutane suka haɗiye baƙin cikinsu.

Ranar 1 ga Maris 1954, kafin fitowar rana, wani ƙaramin jirgin kamun kifi na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru yana tsakiyar Tekun Fasifik da masunta 23. Kwatsam sai sararin yamma ya haskaka, kamar rana ta fito ta inda ba ta saba ba. Bayan 'yan mintoci suka ji rugugi. Amurka ce ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibirin Bikini, tazarar fiye da kilomita 100 daga inda suke. Masanan da suka ƙera shi sun yi ƙiyasin ƙarfinsa zai kai na tan miliyan 6 na nakiya, amma ya tashi da ƙarfin tan miliyan 15, wato kusan ninki dubu na bam ɗin Hiroshima. Kuskuren ya faru ne saboda wani nau'in sinadarin litiyam da aka zaci ba zai shiga cikin fashewar ba, ya shiga.

Wutar ta niƙe duwatsun murjani na tsibirin, ta ɗaga su sama sun zama ƙura, ƙurar kuma ta gauraya da burɓushin nukiliya. Jirgin yana wajen yankin da aka shata a matsayin na haɗari, amma iska ba ta san shata ba. Wata farar toka ta yi ta zuba a kansu na sa'o'i, tana manne musu a gashi da fata. Kafin su isa tashar Yaizu ranar 14 ga Maris, sun fara amai, fatarsu ta ƙone, gashinsu na zuba. Irin wannan toka ta zuba wa mazauna tsibirin Rongelap, su ma suka kamu. Japanawa suka sa mata suna tokar ajali.

Abin bai tsaya kan masunta ba. An riga an sayar da wani ɓangare na kifin da suka kamo kafin a farga, kuma sauran jiragen da suka yi su a wannan yanki su ma sun dawo da gurɓataccen kifi. Ma'aikatan lafiya suka shiga kasuwanni da na'urar Geiger, wadda ke ƙara idan ta ji tururin nukiliya, aka zubar da ɗaruruwan tan na kifin tuna. Ga al'ummar da kifi ne cimarta, wannan daidai yake da a ce guba ta shiga rumbu. Matan aure na unguwar Suginami a Tokyo suka fara tattara sa hannun masu neman a hana irin waɗannan makamai, kuma kafin ƙarshen 1955 fiye da mutum miliyan 30 sun sa hannu. Ranar 23 ga Satumba 1954, mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu yana da shekara 40.

Dodo ya fito daga teku

Mako shida bayan rasuwarsa, ranar 3 ga Nuwamba 1954, kamfanin Toho ya saki fim ɗin Gojira. An haɗa sunan ne daga kalmomin Japananci guda biyu, ta goggon biri da ta babban kifin teku. Wanda ya ba da umarni, Ishiro Honda, tsohon soja ne da ya ratsa ta kufan Hiroshima a hanyarsa ta komawa gida bayan yaƙi. Fim ɗin ya buɗe da jirgin ruwa a tsakiyar teku, ma'aikatansa na hutawa, sai wani haske ya tashi daga ruwa ya ƙone su. Babu ɗan kallo ɗaya a Japan da ya buƙaci a yi masa fassara.

A cikin labarin, wata halitta ce ta zamanin da, mai tsayin mita 50, wadda gwajin bam ya tashe ta daga ƙarƙashin teku. Wani masanin tsoffin halittu, Dokta Yamane, ya auna sawunta ya sami tururin nukiliya. Da ta hau tudu cikin dare, ta mai da Tokyo toka da wutar da ke fita daga bakinta. 'Yan kallo sun san wannan dare, domin a ranar 10 ga Maris 1945 jiragen yaƙi sun ƙone birnin, mutum kimanin 100,000 suka hallaka. Honda bai tsaya kan rushewar gine-gine kawai ba. Ya nuna uwa ta rungume 'ya'yanta a gefen titi tana gaya musu sun kusa tarar da mahaifinsu. Ya nuna asibiti cike maƙil da raunana, likita na kara na'urar Geiger a jikin yaro, na'urar na ƙara.

Mafi muhimmanci shi ne yadda aka kashe dodon. Igwa da jiragen yaƙi sun kasa. Wani matashin masani, Dokta Serizawa, ya gano wani sinadari mai lalata iskar oksijin da ke cikin ruwa, ya kashe duk mai rai. Ya ɓoye binciken, domin ya tabbata idan hukumomi suka sani za su mai da shi makami. Da ya ga irin ɓarnar da aka yi, ya yarda a yi amfani da shi sau ɗaya tak. Ya ƙone takardunsa, ya nutsa teku da kansa, ya saki sinadarin, sannan ya yanke igiyar da za a jawo shi da ita, don kada ilimin da ke kansa ya faɗa hannun kowa. Fim ɗin bai ƙare da murna ba. Ya ƙare da gargaɗin Yamane cewa muddin aka ci gaba da gwaje-gwajen, wani dodon zai sake fitowa. An sayar da tikiti fiye da miliyan 9.

Bam ɗaya, labari biyu

A wannan shekara ta 1954 aka saki wani fim a Amurka mai suna Them!, kan tururuwan da gwajin bam a hamadar New Mexico ya mai da su ƙatti. Tushen tsoron ɗaya ne, amma maganin ya bambanta. A fim ɗin Amurka, masana da sojoji sun haɗa kai, suka bi tururuwan har magudanun ruwa na birnin Los Angeles suka ƙone su. Wato makami ya jawo matsala, makami ya warware ta. A fim ɗin Japan kuwa, soja bai tsinana komai ba, kuma masanin kirki shi ne wanda ya gwammace ya mutu da ya ƙara wa duniya makami. Ƙasar da ta jefa bam da ƙasar da aka jefa wa ba za su ba da labari iri ɗaya ba.

Da aka kai Gojira Amurka a 1956, sai aka yi masa kwaskwarima. Aka yanke wasu sassa, ciki har da yawancin maganganun da suka shafi bam, aka cusa ɗan wasan Amurka Raymond Burr a matsayin ɗan jarida. Sai a 2004 aka nuna ainihin fim ɗin a gidajen silima na Amurka sosai. Ke nan abin da aka cire daga labari shi ma shaida ne, domin yana nuna abin da al'umma ba ta shirya ji ba.

Kuma kada a ɗauka tsoro kaɗai madubin ke nunawa. Tun 1952 Osamu Tezuka ya fara zana labarin wani yaron ƙarfe mai kirki da ake kira Atomu, wanda ƙarfin nukiliya ke motsa shi, yana taimakon mutane. A 1954 ɗin nan dai majalisar Japan ta ware kuɗi karo na farko don binciken makamashin nukiliya. Ƙasa ce mai ƙarancin man fetur da gawayi, tana tsoron ƙwayar zarra, tana kuma sa rai da ita. Gojira da Atomu tagwaye ne.

Dodo mai sauya kama

A shekarun 1960 tattalin arzikin Japan ya bunƙasa. A 1964 Tokyo ta karɓi wasannin Olamfik, aka kuma buɗe layin jirgin ƙasa mai gudun tsiya. Daga wannan shekara Gojira ya fara zama mai kare Japan daga wasu dodanni, har ya koma gwanin yara. Amma bunƙasar ta zo da nata ciwo. A garin Minamata, ruwan masana'anta mai ɗauke da zaiba ya shiga kifi, ya lalata jijiyoyin dubban mutane. A Yokkaichi hayaƙi ya sa wa mutane ciwon asma. A 1971 sai ga Gojira yana faɗa da Hedora, dodon da ya tashi daga dagwalon masana'antu, yana shan hayaƙi yana ƙara girma. A 1984, lokacin da zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ya tsananta, fim ɗin ya nuna manyan ƙasashen biyu suna matsa wa Japan ta bari a jefa wa dodon bam ɗin nukiliya a ƙasarta. A 1989 abokin faɗansa ya fito ne daga sarrafa ƙwayoyin gado.

Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta tayar da igiyar ruwa da ta hallaka fiye da mutum 15,000, ta kuma lalata tashar nukiliya ta Fukushima. A 2016 aka yi fim ɗin Shin Gojira, inda dodon ya kutso ta kogi yana tura jiragen ruwa da motoci a gabansa kamar ambaliya, yayin da jami'an gwamnati ke ta tashi daga wannan taro zuwa wancan, kowa na jiran izinin na sama da shi. Tsoron a wannan karo shi ne hukumar da ke jan ƙafa ranar bala'i. A 2023 kuma wani fim ɗin ya mai da labarin ƙarshen yaƙin duniya, ya sa jaruminsa matuƙin jirgin ƙunar baƙin wake da ya ƙi mutuwa, don ya nuna cewa ran ɗan ƙasa ba abin zubarwa ba ne. Wannan fim ya ci kyautar Oscar a 2024.

Abin da kimiyya ta ce

Shin irin wannan dodo zai iya rayuwa? Galileo ya ba da amsa tun 1638. Idan aka ninka tsayin dabba, nauyinta yana ƙaruwa da ninkin sau uku a jere, amma kaurin ƙashinta, wanda shi ke ɗaukar nauyin, yana ƙaruwa da ninkin sau biyu kawai. A ɗauki dabba mai tsayin mita 2 a mai da ita mita 50, wato ninki 25. Nauyinta zai ninka sau 25 × 25 × 25, wato 15,625, alhali faɗin ƙashinta zai ninka sau 625 ne kacal. Kowane yanki na ƙashi zai ɗauki ninki 25 na nauyin da ya saba, sai ƙafafun su karye tun kafin taku na farko. Shi ya sa dabbar da ta fi kowace girma, mai tsawon kimanin mita 30, a teku take zaune, inda ruwa ke tallafe ta. Haka nan tururin nukiliya ba ya mai da ƙaramin abu ƙato. Abin da yake yi shi ne lalata ƙwayoyin halittar jiki, ya jawo ƙuna da ciwon daji.

Dodon ƙarya ne, amma abin da yake wakilta gaskiya ne. Cikin burɓushin bam akwai sinadarin sitirontiyam-90, wanda jiki ke ɗauka tamkar kalsiyam ya ajiye a ƙashi da haƙori. Yakan ɗauki kimanin shekara 29 kafin rabinsa ya lalace. Yana sauka kan ciyawa, saniya ta ci, ya shiga madara, ya shiga yaro. Da masana a Amurka suka tattara haƙoran yara suka sami wannan sinadari a ciki, hankalin jama'a ya tashi. A 1963 Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu kan yarjejeniyar hana gwaji a iska da ruwa da sararin samaniya.

Wannan tsoro ya taɓa Afirka ta Yamma ma. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, hamadar da iskar hunturu ke ɗebo ƙura daga cikinta. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Nijeriya a Janairun 1961. A ƙarshen shekarun nan kuma, a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a Zariya, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya kai shi yawon sararin samaniya. Shi ma madubi ne na lokacinsa, lokacin da makarantu ke yaɗuwa, ana kwaɗaitar da yara sanin abin da ke bayan gajimare.

Kammalawa

Ɗalibin da ya kalli fim kan na'ura mai ƙwaƙwalwa da ta fi ƙarfin masu ita, ko annobar da ta tsere daga ɗakin gwaji, ko teku da ta cinye birane, yana da tambayoyi uku da zai yi. A wace shekara aka yi shi, kuma me ya faru a ƙasar kafin nan? Wane ne ya ceci mutane a ƙarshe: soja, ko masani, ko talakawa, ko babu kowa? Sannan wane ɓangare ne lissafi da gwaji suka tabbatar, wane ne kuma ƙari? Malamin kimiyya da malamin tarihi suna iya haɗuwa a kan fim ɗaya, kowa ya sami darasinsa.

Shi kuwa jirgin masuntan nan, bayan shekaru an tsince shi yashe a wata juji da ke bakin tekun Tokyo, yana ruɓewa. Jama'a suka yi gangami aka ceto shi, kuma tun 1976 yana ajiye a wani ɗakin tarihi a wurin, inda 'yan makaranta ke zuwa kallonsa. Jirgin katako ne da tsawonsa bai kai mita 30 ba, amma daga cikinsa dodo mai mita 50 ya fito.